Kura da Ɗan Akuya: Yadda Za Ku Koya wa Yara Haɗa Gem, Su Tsinci Lissafi da Ƙirƙirarriyar Basira a Ciki

Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare a nan Gombe, kuma tun da na fara riƙe alli babu darasin da ke ba ni wuya irin na lambobin da ke ƙasa da sifili. Ka ce yaro ya cire 8 daga 5, sai ya dube ka ya ce, "Malam, ai ba zai ciru ba." Ka kawo masa misalin bashi, ya gyaɗa kai, gobe ya manta. Amma 'yata mai shekara tara ta gane abin nan da yamma ɗaya a zaurenmu na Pantami, saboda tana so ɗan akuyan da ta zana a kwamfuta ya tafi hagu, shi kuma ya kafe sai dama.

Daga ranar na canja salo. Ba na fara ba yaro lissafi in ce wata rana zai yi masa amfani. Gem, wato wasan kwamfuta, nake sa shi ya haɗa, in ja gefe, har gem ɗin ya cije, yaron ya zo da ƙafarsa yana neman lissafin da zai warware masa. Ga yadda nake yi da yara huɗu: 'yata, da ɗan yayana, da yaran maƙwabta biyu.

Abin da za ku tanada

Kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ta isa. Tawa ta hannu ce, batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, don haka da zarar an kawo wuta nake maƙala ta a caji. Manhajar da za ku sa ita ce Scratch, wadda masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce. Ku sauke wadda ake girkawa a kwamfuta, ita ba ta buƙatar intanet, ku ajiye kwafinta a filashi don maƙwabci ya samu ba tare da ya ƙona datarsa ba. Idan yaran ba su wuce shekara bakwai ba, akwai ƙaramarta, ScratchJr. A Scratch ba a buga umarni da haruffa. Tubala ne masu launi, yaro ya jawo wannan ya ɗora a kan wancan kamar mai gini.

Mu ranar Alhamis muke zama bayan la'asar, tunda babu Islamiyya, mu tashi kafin kiran magariba. Yara biyu ne a gaban kwamfuta: ɗaya riƙe da maus, ɗayan yana faɗa masa abin da zai yi, bayan minti goma su yi musaya. Sauran biyun suna kan tabarma da takarda da fensir suna zana abin da za su gina in layi ya zo kansu. Ku riƙe agogon nan da gaske. In kun sake, yaron da ya fi ƙarfin hali zai kankane komai, yarinya ta koma 'yar kallo, alhali sau da yawa ita ce ta fara hango inda kuskuren yake.

Doka ɗaya na kafa wa kaina, kuma ita ce mafi wuya: hannuna ba ya taɓa maus. Ko ina ganin gyaran ƙiri-ƙiri, tambaya kawai nake yi.

Ranar farko, kada ku kunna kwamfuta

Ku fita tsakar gida ku zana gidaje a ƙasa, biyar a tsaye shida a kwance, kamar ramukan dara. Ku ajiye buta a wani gida, ku tsaya a wani, ku ce wa yara ku ne na'ura, kuma umarni uku kaɗai kuka sani: taka ɗaya gaba, juya dama, juya hagu. Ɗan yayana ya ce, "Baffa, je ka ɗauko butar." Ban motsa ba. Ya ɗaga murya, ban motsa ba. Sai da ya ce "taka ɗaya gaba" na ɗaga ƙafa. Da ya ɓata lissafin juyi, na nufi bango kai tsaye ban karkace ba, suna ta ihu. Bayan haka sai na ce su rubuta umarnin gaba ɗaya a takarda kafin in fara tafiya. Da wani ya gaji da rubuta "gaba, gaba, gaba, gaba", ya tambaya ko zai iya cewa "gaba sau huɗu", na ce ya iya. Ya gano maimaici da kansa ke nan, wanda rabin aikin manhaja a kansa yake.

A nan nake faɗa musu cewa wannan jeren umarni shi Turawa ke kira algoridim, kuma kalmar daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, malamin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka samo aljabara. Yara sukan gyara zama in sun ji haka.

Ɗan akuya ya fara tafiya

Ku buɗe Scratch, ku goge kyanwar da ke zuwa da ita, yara su zana ɗan akuya. Ko ya yi kama da jaki ku bar shi, nasu ne.

Filin wasan yana da faɗin 480 da tsayin 360. Tsakiyarsa sifili ce. A kwance, wato x, yana tafiya daga -240 a hagu zuwa 240 a dama. A tsaye, wato y, daga -180 a ƙasa zuwa 180 a sama. Kada ku yi musu wannan bayanin tukuna. Ku nuna musu tubali mai ruwan ɗorawa da ke cewa idan an danna kibiyar dama, da shuɗin tubalin da ke ƙara 10 a kan x. Su haɗa, su danna, ɗan akuya ya matsa dama. Sai ku ce, "To, ku sa ya koma hagu."

'Yata ta jawo kibiyar hagu ta sa mata wannan shuɗin tubalin. Akuya ya ƙara yin dama. Ta rage lambar zuwa 5, ya yi dama a hankali. Ta sa 1, yana ɗan jan jiki, amma dai dama. Ta sa 0, ya tsaya cak. Ta daɗe tana kallon sifilin nan, yatsa a baki, sannan ta juyo ta ce, "Baba, in na ƙara ragewa fa? Akwai abin da ya fi sifili ƙanƙanta?" Na ce ta jawo akuyan da hannu zuwa hagu, ta duba lambar x da ke ƙarƙashin filin. Ta ga ɗan gajeren layi a gaban lambar. Ta koma ta rubuta -10. Da akuyan ya juya akalarsa hagu, tsalle ta yi har ta zubar da ruwan da ke kofi.

Sama da ƙasa su yi da kansu. In sun gama, ku riƙa kiran wuri suna kai akuya: x ya zama -100, y ya zama 50. Abin da ake fama da shi a aji da takardar giraf ke nan.

Ganye da maki

Su zana ganye. Maki kuma yana buƙatar wurin ajiya, wanda ake ƙirƙira a sashen tubala masu ruwan lemo mai duhu. Ni nakan ce musu gwangwani ne da aka liƙa wa suna: sunan ba ya canjawa, abin da ke ciki ne ke canjawa. Ranar da suka haɗu da x a aljabara, gwangwanin nan za su tuna.

Umarnin ganye shi ne: har abada, idan akuya ya taɓa ni, a ƙara 1 a maki. Kowane rukunin yara da na gani sai ya faɗa rami ɗaya a nan. Akuya na taɓa ganye, maki ya haura ɗari kafin ƙiftawar ido. Kada ku gyara musu. Ku tambaye su sau nawa kwamfuta ke yin tambayar "ya taɓa ni?" Can wani zai ce ai ba ta daina tambaya ba, kuma akuyan bai sauka daga kan ganyen ba. Maganin shi ne ganye ya ɓace ya ɓulla wani wuri da zarar an ci shi, kuma koren tubalin da ke zaɓar lamba ta ka-cici-ka-cici tsakanin -240 da 240 zai ba su sabon x. Ku sa su buɗe littafi su riƙa rubuta kowane kuskure da yadda aka kama shi. Namu ya kusa cika, kuma sun fi alfahari da shi a kan gem ɗin.

Wata rana ku sa su zana garke da alƙalami; ana ƙaro tubalansa daga maɓallin da ke can ƙasa ta hagu. Tafi 100, juya digiri 90, sau huɗu, an sami murabba'i. Ku ce su yi mai kusurwa uku. Duk wanda ya yi aji ɗaya na sakandare 60 zai sa, kuma zanen ba zai rufe ba, domin juyin da mai tafiya ke yi a kowace kwana 120 ne. Wanda ya zagaya ya dawo yana fuskantar inda ya fara, ya juya 360 cif, sai a raba da yawan ɓangarori. Wannan dabara ta Seymour Papert ce da abokan aikinsa, waɗanda suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Logo a 1967, inda yara ke tuƙa ɗan kunkuru yana zane. Scratch jikan wannan aiki ne.

Tsalle ya fi daɗi. A ba akuya gwangwani mai suna "gudu", a zuba 10. A kowane zagaye a ƙara gudun a kan y, sannan a rage 1 daga gudun. Zai tashi da ƙarfi, ya sassauta, ya tsaya, gudun ya koma ƙasa da sifili, ya faɗo kamar dutsen da aka jefa sama. Tsayin da ya kai shi ne 10 da 9 da 8 har zuwa 1, wato 55. Sai na zana danga mai tsayin 70 na ce a nemo mafi ƙarancin gudun da zai tsallake ta, a takarda, kafin a gwada. Da 11 ana samun 66, bai isa ba. Da 12 ana samun 78. Sun yi gardama kan wannan fiye da yadda suke yi kan ƙwallo.

Shigowar kura

Kura tubala kaɗan take buƙata: har abada, fuskanci akuya, taka 3. Nan take gem ya yi rai. Daga nan ku bar su su yi ta wasa da lambobi. In kura ta fi akuya sauri babu mai tsira, in ta cika nawa babu daɗi. Ɗan maƙwabcinmu ne ya kawo shawarar saurinta ya riƙa ƙaruwa da maki, muka tsaya a kan 2 a tara da maki raba 5. Ya rubuta ƙa'idar aljabara da hannunsa, ba wanda ya ce masa sunanta ke nan.

Sannan a ba ta hali. Idan tazararta da akuya ta gaza 120, ta bi shi. In ba haka ba, ta yi ta yawonta. Akwai tubalin da ke auna tazara, amma babban cikinsu ɗan aji uku ne, don haka na sa ya bincika yadda tubalin ke yi: in bambancin x 30 ne, na y kuma 40, tazara 50 ce, bisa ƙa'idar Fitagoras. Ku ƙara kura ta biyu wadda ba akuyan take nufa ba, gabansa take nufa don ta tare shi. Haka aka yi a Pac-Man, gem ɗin da dodanni ke farautar ɗan wasa, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980: jan dodon yana bin ɗan wasa kai tsaye, mai ruwan hoda kuma yana nufar 'yan gidaje a gabansa, sai mai wasa ya ji kamar sun haɗa baki.

Ƙannensu da suka zo gwadawa suka ce, "Kai, kurar nan wayo gare ta!" Sai na sa masu ginin su buɗe cikinta su nuna. Babu komai sai "idan" da "in ba haka ba" da su suka rubuta. Ko sau dubu aka zille mata ta hanya ɗaya, gobe ma za a zille mata. Ba ta koyo. Wannan ita ce ƙofar shiga maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, na'urar da ke koyo daga abin da ta gani, kuma ni da kwalayen ashana nake shiga, ba da kwamfuta ba.

Na'urar da ke koyo, ba wuta ba data

A 1961 wani masani ɗan Birtaniya, Donald Michie, ya haɗa kwalayen ashana 304 da duwatsun ado masu launi, suka koyi wasan X da O. Tamu ƙarama ce, kwali goma ta ishe ta.

Wasan shi ne: a zube tsakuwa 10. 'Yan wasa biyu, kowa in layinsa ya zo ya ɗebi ɗaya ko biyu ko uku. Wanda ya ɗauki ta ƙarshe ya ci. Ku rubuta 1 zuwa 10 a jikin kwalayen. A kowanne ku sa ƙwayar wake, da ta masara, da ta gyaɗa: wake na nufin ɗauki ɗaya, masara biyu, gyaɗa uku. Kwali na 1 wake kaɗai, na 2 wake da masara. Kwalayen ne ke fara wasa. In layinsu ya zo, yaro ɗaya ya ƙirga tsakuwar da ta rage, ya buɗe kwali mai wannan lambar, ya rufe ido ya zaro ƙwaya, a ɗebi abin da ta ce, a ajiye ƙwayar a kan kwalinta. In kwalaye sun ci, kowace ƙwaya ta koma gidanta. In an cinye su, a cire ƙwayar da suka yi wasan ƙarshe da ita baki ɗaya, sauran su koma. In aka buɗe kwali aka tarar babu komai, sun miƙa wuya ke nan, sai a cire ƙwayar da ta kawo su wurin.

Da farko yara za su yi ta lallasa su suna dariya. Sannu a hankali dariyar za ta ragu. A zamanmu, kafin magariba babu mai iya cin kwalayen, 'yata har tana leƙa cikinsu ko na ɓoye wani abu. Muka zazzage su ɗaya bayan ɗaya. A na 10 masara ce kaɗai ta rage, a na 7 gyaɗa, a na 6 masara, a na 5 wake. Na ce su duba tsakuwa nawa kwalayen ke bar wa abokin wasa kullum. Takwas, sannan huɗu. Sirrin ke nan: ka bar masa abin da 4 ke rabawa ba saura. Ba wanda ya faɗa wa kwalayen haka, cire ƙwaya bayan kowace faɗuwa ne ya kai su. Ku kuma tambaye su dalilin da ya sa ba a taɓa buɗe kwali na 9 ba.

Ɗan yayana ya gano wani abu da ban shirya koyarwa ba. Da muka sake zuba ƙwayoyin, sai ya riƙa faɗuwa da gangan. Na ce me ya sa? Ya ce, "Baffa, in ban ci su ba ai ba a cire musu komai, haka za su zauna ba su iya ba." Gaskiya ya faɗa, kuma haka manyan na'urorin suke: abin da aka ciyar da su shi suke zama. Manhajar AlphaGo da ta doke Lee Sedol, gwanin Go, wani wasan allo mai kama da dara, ci 4 da 1 a 2016, ta ƙware ne da nazarin wasannin mutane da kuma buga wasa da kanta ba adadi, tana ƙarfafa abin da ya kai ta ga nasara. Girma da zurfin lissafi sun bambanta nesa ba kusa ba, amma yaron da ya cire gyaɗa daga kwali ya riga ya taɓa tushen abin da hannunsa.

Alhamis ta gaba su gina wasan tsakuwar a Scratch, da koren tubalin da ke ba da saura bayan rabawa: kwamfuta ta ɗebi sauran da ya rage in an raba tsakuwa da 4, in babu saura ta ɗauki ɗaya. Yanzu suna da na'ura biyu masu wasa iri ɗaya, ɗaya an faɗa mata doka, ɗaya ta koya.

In kun sami data, ku buɗe Teachable Machine na Google, wanda ake koya wa bambance hotuna ta kyamarar kwamfuta. Mu tumatir da attaruhu muka ɗebo daga kicin. Ta koya, tana faɗa daidai, har sai da aka ɗora attaruhu a kan faranti, ta ce tumatir ne. Muka koma hotunan da muka ba ta: duk tumatir ɗin a faranti muka ɗauke su, attaruhun kuma a tafin hannu. Faranti ta koya. Yara suka sake ɗaukar hotuna a wurare daban-daban, a inuwa da rana, ta gyaru. Kada ku yi wannan gwaji da fuskokin yara, kayan miya da cokula sun wadatar.

Game da manhajojin hira da ke rubuta wa mutum umarnin kwamfuta, ni ba na barin yaro ya nemi su yi masa gem. Wanda bai sha wuyar neman kuskure da kansa ba, ba zai gane ba ranar da suka ba shi amsar da ba daidai ba, kuma suna bayarwa. Wanda ya iya karanta abin da suka rubuta layi-layi ya faɗa mini aikin kowanne, shi na yarje wa.

Yaron da ya kai shekara sha biyu ko sha uku, ya fara jin tubala sun yi masa kaɗan, ku matsar da shi Python, harshen kwamfuta da ake buga umarninsa da haruffa, tare da Pygame, kayan haɗa gem a cikinsa, su ma kyauta ne. Kada ya fara sabon abu, kura da akuyan nan zai sake ginawa, don hankalinsa ya tattaru a kan rubutun. Ku shirya wa abu ɗaya: a Pygame sifili yana kusurwar sama ta hagu, kuma y yana ƙaruwa ne in ana yin ƙasa, saboda haka tsallen farko akuyan cikin ƙasa zai nutse. Ku bar shi ya gano dalili.

Ku riƙa ajiye aiki a filashi kafin a tashi, da kwanan wata a jikin sunan fayil, domin mun taɓa rasa aikin mako uku da batir ya mutu ana tsakar aiki. Yanzu dara suke so su gina. Na ce ba za a taɓa kwamfuta ba sai sun je gindin bishiyar da dattawan layinmu ke bugawa, sun gaishe su, sun zauna sun rubuto dokokin wasan kaf: gidaje talatin, 'ya'ya sha biyu-sha biyu, yaushe ake ci, kuma wane jeri ne ba a lissafawa.